Irin Gado a Amurka: Wa Ya Kawo, Wa Ya Riƙe, Wa Ya Rasa Gona

A cikin shekaru hamsin da suka wuce an samu wani yunƙuri a Amurka na masu lambu da ƙananan manoma da masu sana'ar girki, waɗanda suka duƙufa wajen nemo tsofaffin nau'o'in tumatir da wake da masara da kabewa da kamfanonin iri suka daina sayarwa, suna shuka su, suna musayar su a tsakaninsu, suna kuma rubuta tarihin kowanne. Abin da suke kira irin gado shi ne irin da manomi zai ɗiba daga amfanin bana ya shuka baɗi ya fito masa kamar uwarsa, wanda kuma ya daɗe yana wucewa daga hannu zuwa hannu a cikin wani gida ko wata al'umma, galibi shekaru hamsin ko fiye. Aikin yana da kyau, kuma ya ceci nau'o'i masu yawa daga ɓacewa. Sai dai yadda aka saba ba da labarinsa, na kaka da ta ƙulle ƙwayoyi a bakin zane ta ƙetaro teku da su, ya rufe wata magana da ta fi shi nauyi, wato cewa iri ba ya ɗorewa sai in akwai mai dafa shi, akwai kuma ƙasar da mai shuka shi yake da iko da ita, kuma a tarihin Amurka waɗannan abubuwa biyu ba a raba su daidai tsakanin jama'a ba.

Ƙungiyar da ta fi shahara a wannan fage, Seed Savers Exchange, an kafa ta a 1975, kuma Kent Whealy da matarsa Diane Ott Whealy ne suka fara ta da iri biyu da kakan Diane ya ba su kafin rasuwarsa: wani jan tumatir mai sirkin fari da wani fure mai yaɗo, waɗanda iyayensa suka taho da su daga Bavaria ta ƙasar Jamus a ƙarni na 19. Yau ƙungiyar tana da gona kusa da garin Decorah a jihar Iowa inda take adana nau'o'i fiye da dubu ashirin. Wannan mafari gaskiya ne, amma shi ne ya zama ma'aunin da ake auna sauran labarai da shi: Bature baƙo, da iyalinsa, da gonarsa ta kansa, da sunan da aka san shi da shi har jikoki. Dalilin da ya sa irin waɗannan gidaje suka iya riƙe irinsu zuriya uku ko huɗu yana cikin dokokin ƙasa, kuma daga nan ya kamata a fara.

A ranar 20 ga Mayu, 1862, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan Dokar Homestead, wadda ta ba duk magidancin da yake ɗan ƙasa, ko baƙon da ya bayyana niyyar zama ɗan ƙasa, damar mallakar eka 160, wato kimanin hekta 65, in ya zauna a wurin ya noma shi tsawon shekaru biyar ya biya ɗan kuɗin rajista. Kafin a soke dokar an raba kusan eka miliyan 270 ga gidaje kimanin miliyan 1.6, wato kusan kashi goma cikin ɗari na faɗin ƙasar. Jamusawa da 'yan Norway da Sweden da Cek da wasunsu sun shigo ta wannan ƙofa, kowa da irin kabeji ko dankali ko hatsin da ya saba da shi. Ƙasar da aka raba musu kuwa ba fili ba ce da babu mai ita. An karɓe ta ne daga 'yan asalin nahiyar ta hanyar yaƙi da yarjejeniyoyin da ba a cika ba, sannan a 1887 Dokar Dawes ta yayyanka abin da ya rage a hannunsu zuwa ƙananan gonaki na ɗaiɗaikun mutane, aka sayar da abin da aka kira rara, har ƙasarsu ta ragu daga eka miliyan 138 a shekarar zuwa miliyan 48 a 1934.

Misalin da ya fi nuna amfanin irin baƙi shi ne na alkamar da ake kira Turkey Red. Mabiya ɗarikar Kirista ta Mennonite, waɗanda aƙidarsu ta hana su ɗaukar makami, sun zauna a kudancin daular Rasha, inda yake Yukren a yau, tun ƙarshen ƙarni na 18 bisa alkawarin cewa ba za a tilasta musu aikin soja ba, kuma da aka fara janye wannan alkawari a shekarun 1870 sai dubbansu suka yi ƙaura. Da yawa sun sauka a jihar Kansas a 1874, inda kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe ya sayar musu da filaye. Alkamar da suka saba nomawa ana shuka ta ne da kaka, ta kwana a ƙasa lokacin sanyi, a girbe ta farkon bazara kafin zafi da fari su tsananta, kuma wannan ya dace da filayen Kansas fiye da lallausar alkamar da manoman da suka fito daga gabashin Amurka suke ta fama da ita. Tatsuniyar da ake yi wa yara ita ce kowane gida ya tsinto ƙwayoyi mafi kyau da hannu ya zo da su a tulu, amma masana tarihi sun nuna cewa bazuwar alkamar ta ɗauki lokaci, domin ƙwayarta tana da tauri, duwatsun niƙa na lokacin ba sa sarrafa ta da kyau, masu niƙa kuma suna karya mata farashi. Sai da injunan niƙa na ƙarfe suka yaɗu a shekarun 1880, kuma mai niƙa Bernhard Warkentin da jami'in gwamnati Mark Carleton suka shigo da ƙarin iri daga Rasha da yawa, sannan ta mamaye mafi yawan gonakin alkama na jihar kafin 1920. Ashe ko irin da ya fi kowanne dacewa da ƙasa sai da ya jira mai niƙa da mai gashin burodi suka karɓe shi. 

Masara, wadda ita ce ginshiƙin noman Amurka, ba baƙi ne suka kawo ta ba, tarar da ita suka yi. Nau'in da ya cika gonakin tsakiyar ƙasar ya samu ne daga haɗuwar masarar arewa mai tsauri da masarar kudu mai gari, dukansu kuma aikin ƙarnoni ne na manoma 'yan asalin ƙasa, galibinsu mata, waɗanda suke shuka masara da wake da kabewa a rami ɗaya ko kusa da juna, masara ta zama wa wake turke, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, kabewa ta rufe ƙasa ta hana ciyawa. Amma sunayen da suka shiga littattafai na Turawa ne. Shahararriyar masarar nan Reid's Yellow Dent ta ɗauki sunan Robert Reid, wanda ya ƙaura daga Ohio zuwa Illinois a 1846, shukarsa ta yi giɓi a shekara mai zuwa, ya cike guraben da wata ƙaramar masarar yankin, su biyun suka haɗu. Ɗansa James ya ci gaba da zaɓen iri har ta ci gasa a baje kolin Chicago na 1893. An san Reid da ɗansa da shekarar da abin ya faru, ba a kuwa san sunan ko ɗaya daga matan da suka samar da iyayen wannan masara ba.

Abin da ya sami al'ummar Hidatsa da maƙwabtansu Mandan da Arikara, a bakin kogin Missouri a jihar Dakota ta Arewa, ya fi wannan ciwo. Wata dattijuwarsu da aka sani da Buffalo Bird Woman ta bayyana wa mai bincike Gilbert Wilson tsarin nomansu dalla-dalla, daga zaɓen iri zuwa rumbun ƙarƙashin ƙasa, aka buga bayanin a 1917. Wani ɗan kasuwar iri a garin Bismarck, Oscar Will, ya sami farin wake daga hannun wani mutumin Hidatsa a ƙarshen ƙarni na 19, ya tace shi ya sayar da sunan Great Northern, kuma har gobe ana sayar da wannan wake a kantunan Amurka. Su kuwa masu waken, a tsakanin 1947 da 1953 gwamnati ta gina madatsar ruwa ta Garrison, wadda ta shanye fiye da eka 150,000 na fadamarsu, inda lambunan suke, aka mai da yawancinsu kan tudun da ba ya karɓar irin wannan noma. Waken ya tsira a kasuwa, noman da ya haife shi ya nutse.

Ɗaukar iri ba tare da ilimin girkinsa ba ma yana da nasa sakamako. Mutanen Meziko da sauran 'yan asalin nahiyar suna dafa masara da ruwan toka ko farar ƙasa kafin su niƙa, kuma wannan dabara tana sakin wani sinadari mai suna nayasin, ɗaya daga cikin bitamin, wanda jiki ba ya iya cirewa daga masarar da ba a yi wa haka ba. Turawa da yawa sun ɗauki masarar suka bar dabarar. A wuraren da talakawa suka dogara ga masara kusan ita kaɗai, kamar arewacin Italiya da kudancin Amurka, sai cutar felagira ta ɓulla, wadda take lalata fata, ta kawo gudawa, ta taɓa hankali, ta kuma yi kisa. An ƙiyasta cewa tsakanin 1906 da 1940 ta kama mutane kusan miliyan uku a Amurka, ta kashe kimanin dubu ɗari. Likita Joseph Goldberger, wanda ya fara binciken cutar a 1914, ya tabbatar da cewa daga abinci take ba daga ƙwayar cuta ba, ya kuma ɗora laifin a kan talaucin masu noman auduga a gonar wani, waɗanda masu gona suke so su shuka auduga har bakin ƙofa, ba a bar musu wurin lambu ko abin kiwon saniya ba. A nan rashin ilimin girki da rashin ƙasa suka haɗu a kan mutum guda.

Wani kaso mai yawa na abincin kudancin Amurka daga Afirka ya fito, a cikin jiragen cinikin bayi, domin masu jiragen suna sayen wake da shinkafa da dawa da doya a gaɓar Afirka ta Yamma don ciyar da waɗanda suka ɗaure. Wake mai baƙin ido, wanda shi ne waken da ake nomawa a ƙasar Hausa, da kuɓewa da riɗi da dawa da kankana, duk ta wannan hanya suka kafu, kuma a ƙananan filayen da ake barin bayi su noma da dare ko ranar Lahadi suka rayu kafin su shiga ɗakin girkin iyayengiji. Har yanzu a Carolina da Georgia ana dafa shinkafa da wake ranar sabuwar shekara, ana kuma yin wani ɗan biskit na riɗi a birnin Charleston. Masaniyar labarin ƙasa Judith Carney, a littafinta Black Rice na 2001, ta kafa hujja cewa arzikin shinkafar Carolina ya ginu ne a kan ilimin bayin da aka kamo daga yankunan noman shinkafa na Senegambiya da Saliyo, waɗanda suka san yadda ake sarrafa ruwan fadama da sussuka a turmi da sheƙa da faifai. Wasu masana tarihin cinikin bayi sun ce ta zarce da yawa, kuma muhawarar ba ta ƙare ba, amma wani binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2016 ya nuna cewa baƙar shinkafar da zuriyar bayin da suka tsere suke nomawa a dazukan Suriname shinkafar Afirka ce, mai kusanci da wadda ake nomawa a yammacin Kodebuwa.

Bayan 'yantar da bayi, alkawarin ba su eka arba'in da Janar Sherman ya yi a Janairun 1865 bai kai ƙarshen shekarar ba Shugaba Andrew Johnson ya warware shi, ya mayar wa tsofaffin masu bayi gonakinsu. Duk da haka, zuwa 1920 akwai baƙaƙen fata manoma fiye da dubu ɗari tara, kusan kashi 14 cikin ɗari na manoman ƙasar, ko da yake yawancinsu a gonar wani suke. Yau ba su kai kashi biyu ba. Ƙaura zuwa birane ta taka rawa, amma akwai kuma hana su bashin gwamnati, wanda ma'aikatar gona ta amince ta biya diyyarsa a shari'ar Pigford ta 1999, da kuma sayar da gonakin gado da ba su da takarda, inda magaji ɗaya zai iya sa kotu ta yi gwanjon gonar dangi gaba ɗaya. Kowace gona da ta tafi, ta tafi da irin waken da kuɓewar da ake ajiyewa a gidan.

Baƙin da suka fito daga Asiya doka ta tare su tun daga ƙofa, domin ba a yarda su zama 'yan ƙasa ba, saboda haka ba su da rabo a Dokar Homestead. Sinawa ne suka yi aikin datse fadamar Sacramento a Kalifoniya, kuma ɗan itacen ceri mafi shahara a ƙasar, Bing, ya ɗauki sunan Ah Bing, shugaban ma'aikata a gonar Seth Lewelling a Oregon, wanda ya je ganin gida a ƙarshen shekarun 1880 dokokin hana Sinawa shiga suka hana shi komowa. Kalifoniya ta haramta wa irin waɗannan baƙi mallakar gona a 1913, amma Japanawa suka bi ta sunan 'ya'yansu da aka haifa a can, har suka riƙa samar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na kayan lambun kasuwa na jihar, kafin a tsare mutum kimanin 120,000 daga cikinsu a sansanoni a 1942, da yawa kuma ba su sake samun gonakinsu ba.

Raguwar tsofaffin iri a hannun manoma Turawa su kansu ta zo ne ta wata hanya dabam. Tun daga 1839 gwamnati take raba iri kyauta ta gidan waya, manoma suna gwadawa suna zaɓen abin da ya dace da ƙasarsu, har sai da 'yan kasuwar iri suka yi nasarar sa majalisa ta dakatar da rabon a 1924. Daga nan sai irin haɗi ya shigo, wato irin da ake samu ta hanyar haɗa zaɓaɓɓun iyaye biyu, wanda yake ba da yabanya mai yawa a shukar farko amma 'ya'yansa ba sa fitowa daidai in an sake shuka su, don haka dole manomi ya koma kanti kowace shekara. Henry A. Wallace ya kafa kamfanin masarar haɗi a 1926, kuma kafin tsakiyar shekarun 1940 kusan dukan masarar Iowa ta haɗi ce. Ba adalci ba ne a ce an yaudari manoman, domin abin da eka ɗaya take bayarwa ya ninka kusan sau shida daga wancan lokaci zuwa yau, da taimakon taki da injuna, kuma babu manomin da zai ƙi haka. Amma an biya farashi. A 1970 wata cutar ganye ta cinye kusan kashi 15 cikin ɗari na masarar ƙasar, saboda mafi yawan nau'o'in haɗin suna ɗauke da gado ɗaya daga uwa ɗaya da cutar ta fi kamawa. Dokoki kuma suka yi ta ƙara wa kamfanoni iko, har a 2013 Kotun Ƙoli ta yanke wa wani manomin waken soya na Indiana hukunci cewa ba shi da damar sake shuka irin da kamfanin Monsanto yake da haƙƙin mallakarsa.

Ana yawan cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kayan lambu da ake sayarwa a 1903 sun ɓace daga kasuwa, kuma lissafin bai yi nisa da gaskiya ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne masu binciken da suka sake duba kundayen kamfanonin iri bayan shekara ɗari sun tarar jimillar nau'o'in ba ta ragu sosai ba, domin wasu sun maye gurbin waɗanda suka tafi, kuma cikin masu kawo su akwai sababbin baƙi. 'Yan ƙabilar Hmong da suka gudo daga Laos bayan 1975 su ne suka cika kasuwannin manoma na St. Paul a Minnesota da Fresno a Kalifoniya da ganyaye da kabewoyin da ba a san su ba a da. 'Yan Meziko suna shuka barkononsu da masararsu. 'Yan Afirka ta Yamma suna noman gauta da yakuwa da lalo a gefen birane. Mafi yawansu haya suke yi ta shekara ɗaya, ba su da tabbacin baɗi, shi ya sa ba sa iya dasa itace ko haƙa rijiya, kuma wannan ne ya sa manoman Hmong suka kafa ƙungiyarsu a 2011 don neman gona mai ɗorewa. Waɗannan su ne masu irin gadon gobe, amma ba su ake nufi ba in ana maganar irin gado a mujallun lambu.

Rumbunan adana iri na zamani, inda ake busar da ƙwayoyi a ajiye su cikin tsananin sanyi, sun yi amfani ƙwarai. Shinkafar Carolina Gold, wadda nomanta na kasuwa ya mutu a farkon ƙarni na 20, daga rumbun ma'aikatar gona aka ɗebo ta aka sake shuka ta a shekarun 1980, kuma a 2020 al'ummar Cherokee ta kai nau'o'i tara na masara da wake da kabewa babban rumbun Svalbard da ke Norway. Amma rumbu ƙwaya yake ajiyewa, ba ya ajiye sanin lokacin shuka ko yadda ake girki, kuma irin da yake kwance cikin ƙanƙara ba ya sabawa da sauyin damina. Haka kuma Carolina Gold ta dawo ne a matsayin abincin manyan gidajen cin abinci mai tsada, alhali zuriyar waɗanda suka noma ta a tsibiran gaɓar tekun Carolina suna fama da harajin fili da masu gina wuraren shaƙatawa.

Mai karatu a ƙasar Hausa yana da rabo a wannan tarihi ta fuska biyu, domin masara da gyaɗa da rogo da tumatir da barkono daga nahiyar Amurka suka zo masa, wakensa kuma ya je can. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana adana nau'o'in wake kusan dubu goma sha biyar, mafi yawa a duniya, amma abin da ya riƙe waken kanannado a gonakin Kano da Jigawa, duk da jinkirin nunarsa, shi ne ɗanɗanonsa da farashinsa a kasuwa da harawar da yake bai wa mai kiwo, kamar yadda tuwo da kunu suka riƙe kaura da farfara da maiwa. Yunƙurin irin gado na Amurka ya yi nasara wajen tara ƙwayoyi da rubuta sunayensu, amma har yanzu bai taɓa batun mallakar ƙasa da gaske ba, kuma ƙidayar gwamnatin ƙasar ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na filayen nomanta suna hannun Turawa.